Gyaran birkin akori-kurata, rana bayan rana

Asabar, 11 Janairu 2025

Na ajiye motar a gindin dogon-yaron ƙofar gida, kuma ba za ta sake ɗaukar ko buhu ɗaya ba sai na ga cikin birkinta da idona.

Shekaranjiya Alhamis na taso daga Ngaundare ta ƙasar Kamaru da jarkokin manja da huhunan goro da na ɗauko a tashar jirgin ƙasa. Duk mai bin hanyar Garwa ya san gangaren Falez. Ngaundare na bisa tudu, sama da mita 1,000, Garwa kuwa tana kwance a bakin Binuwai, ba ta kai mita 300 ba, kuma babban rabon wannan saukar a wancan gangaren ake yin sa, lanƙwasa bayan lanƙwasa. Tun daga sama na ji motar tana fizgar sitiyari zuwa dama duk sanda na taka. Da na yi nisa sai feda ta fara laushi, tana nutsewa fiye da yadda na saba, ƙauri ya cika gaban motar. Na sa giya ta biyu, bakina bai bar salati ba, har Allah ya kawo ni fili wajen ƙauyen Wak. Na sauka na yayyafa ruwa kaɗan a gangar birkin baya ta hagu, ta yi cuu, tururi ya tashi. Awa guda na zauna kafin fedar ta dawo da ƙarfinta, sannan na lallaɓo har gida.

Abin da ya fi ci mini rai, wata huɗu ke nan da aka sa mini sababbin filaket a gaba, wato ƙarafan da ke matse faifan birki, takalman birkin baya kuwa da damina aka canza su. Kuɗi na biya cif, na kuma tafi da zuciya ɗaya cewa ina da birki.

Motar tsohuwar Toyota Hilux ce, wadda tayoyin baya kaɗai ke ja, faifai a gaba, ganga a baya. Da yamma na je wurin Kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda ya yi shekaru yana bakanike kafin ciwon baya ya zaunar da shi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, nama aka canza maka, ba a duba ƙashi ba. Gobe ka tanadi jak da itatuwan tokari, ni zan zauna a kujera, kai za ka kwance da hannunka."

Lahadi, 12 Janairu

Mun fara da gaba. Kawu bai bari na sa hannu ba sai da ya ga na kange tayoyin baya da duwatsu, na kuma ɗora motar a kan guntayen gungume. Ya ce jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba.

A gefen dama abin da dama-dama. Na hagu ne ya ba mu labarin. Filaket biyu ne a kowace taya, ɗaya ciki ɗaya waje, ƙarfen nan da masu gareji ke kira etiriye yana rungume da su. Fistinsa ɗaya ne tak, ta ciki. In aka taka, fistin ya tura filaket na ciki, shi kuma etiriye gaba ɗaya ya zame a kan sanduna biyu ya jawo na waje, su matse faifan tare. To a nan sandar ƙasa ta kafe. Na sa ƙarfina duka ba ta motsa ba. 'Yar robar da ke rufe bakinta ta yage, ƙura da ruwan damina sun shiga, giris ya koma wani jan laka mai tauri. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in ji Kawu, yana juya robar a tafin hannunsa.

Na jera filaket biyun a kan tabarma. Na ciki ya cinye saura kamar kaurin farce, kuma ya ci a karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya. Na waje kamar jiya aka sa shi. Ke nan wata huɗu ina yawo da rabin birki a tayar hagu, ta dama ce ke kama da gaske, shi ya sa motar ke fizga zuwa can.

Ba shi ke nan ba. Akwai wasu 'yan siraran ƙarafa masu sheƙi da kunnuwan filaket ke zama a kansu, su ne ke sa ya zame sumul, su hana shi kaɗawa. Biyu daga ciki babu su kwata-kwata a hagu. Sauran sun lanƙwashe, tsatsa ta taru a ƙarƙashinsu ta ɗago su har sun matse filaket, sai da na sa guduma ya fito. Faranti mai laushi da ake mannawa a bayan filaket don hana ƙara shi ma an jefar. Ɗan harshen ƙarfen nan da ke kuka in filaket ya kusa ƙarewa an karya shi. Da yana nan, da tun watan jiya ya faɗa mini.

Litinin, 13 Janairu

Yau zuciyata ta ɓaci ƙwarai.

Gangar hagu ta ƙi fita. Kawu ya nuna mini ramuka biyu masu zare a fuskarta, ya ce in ɗaura noti a kowanne in riƙa matsawa bi da bi. Ta fito a hankali tana ƙara. Ɗana ya sunkuya zai hure ƙurar da baki, Kawu ya daka masa tsawa: "Kul! Kawo ruwa da tsumma." Ya ce tsofaffin takalman birki da wasu masu arha akan yi su da asbestos, ƙurarsa in ta shiga huhu ba ta fita, cutar kuma sai bayan shekaru take bayyana. Muka jiƙa komai muka goge.

Da wuri ya fito fili sai ga abin. Babban sifirin na sama, wanda aikinsa shi ne ya jawo takalman su saki ganga in an ɗaga ƙafa, ƙugiyarsa ta karye tun ba yau ba, wani ya ɗaure shi da wayar ɗaurin rodi. Wayar ta saki, sifirin ya yi baƙi-baƙi da shuɗi-shuɗi don zafi, zobbansa sun buɗe har ana hango haske ta tsakaninsu. Takalmin da ba a jawo shi baya ba yana nan manne da ganga, yana gurza tun daga Ngaundare. Zafin ya bi ƙarfe ya kai ga man birki, man ya tafasa, tururi kuwa matsuwa yake yi, ba ya tura fistin. Abin da ya sa fedata ta nutse a Falez ke nan.

Kowane takalmi akwai 'yar ƙusa mai faɗin kai da ke ratsowa ta bayan farantin da takalman ke zaune a kansa, da ƙaramin sifirin da ɗan ƙoƙo, su ke danne shi ya zauna daidai. A ɗaya daga ciki ƙusar kafinta na tarar, an lanƙwasa bakinta da filaya. Ɗan ƙarfen nan mai haƙora, wanda ke buɗa takalman kaɗan-kaɗan yayin da suke cinyewa, tsatsa ta haɗe shi ya zama abu guda.

A dama kuma silinda ce, wadda man birki ke shiga ya tura takalman, ke yoyo. Na ɗaga robar bakinta da yatsa, mai ya tsiyayo. Takalman sun sha mai sun yi laushi, ba su da sauran amfani.

Ba zan ambaci garejin da ya yi mini wannan ba. Amma na yi ta tunanin matan da nake ragewa hanya daga Ngong da 'ya'yansu a baya, da ɗana da ke bina in an yi hutu. Duk rayukan nan a kan wayar rodi suke tafiya.

Kawu ya sa na ɗauki hoton kowane gefe da waya kafin na taɓa komai, ya kuma ce kada in wargaza duka biyun a lokaci ɗaya, ɗayan ya zama madubi.

Laraba, 15 Janairu

Kwana biyu ina zagayen shagunan kayan mota. Filaket da takalma, waɗanda a nan ake ce wa mashwar, ko'ina akwai, kala-kala, daga masu kwali mai kyau har waɗanda aka ɗaure da roba. Silinda ma na samu. Amma da na buɗe ledar da na zuba tarkacen nan a ciki, sai a girgiza kai. Wani dattijo mai shago ya ce, "Alhaji, ba a tambayar waɗannan. Tsohon ake mayarwa." Wani ya tura ni wurin masu yanka tsofaffin motoci. Na je na gani: sifirin da ya sha zafi a motar wani, me zai yi mini da nawa bai yi ba?

A ƙarshe wani yaro mai shago ya ɗauki lambar jikin motar, ya aika wa ɗan'uwansa a Duwala, aka ce akwai saiti na baya da na gaba. Na ba da kafin alkalami. Kuɗin tarkacen gaba ɗaya bai kai na taya guda ba.

Asabar, 18 Janairu

Kaya ba su iso ba, albasa kuma ta fara fitowa, abokan sana'a suna ta kira. Wani ya ce in mayar da tsofaffin in yi sawu biyu kafin nan. Na ce a'a.

Mun yi amfani da jiran wajen awo da wanki. Kawu ya aro ma'aunin kauri wurin wani tsohon yaronsa. Ya ce ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima. A jikin kowace ganga an rubuta iyakar faɗin da cikinta zai kai, tawa milimita 256, in ta wuce haka sai jifa. Ta dama tana ciki sosai. Ta hagu ma ba ta kai ba, sai dai zafi ya bar mata tabo da ɗan gezar ƙarfe a baki, wadda ita ce ta hana ta fita. Na kai wa mai injin gyaran ƙarfe ya share ta sama-sama, muka sake aunawa a wuri uku, ba ta ƙetare ba. Faifan gaba su ma akwai lambar mafi ƙarancin kauri a gefensu, duka biyun sun tsira.

Sauran yinin na yi shi da burushin waya da zarto. Mazaunin filaket na kankare tsatsarsa har ƙarfe ya fito fari. Ramin sandar da ta kafe na naɗa takardar yashi a jikin kara na yi ta juyawa, na wanke, na sake. Hunturu ya busar mini da hannu har ya tsattsage, amma ramin ya yi santsi.

Talata, 21 Janairu

Sun iso a motar fasinja ta Ngaundare. Na zazzage su a kan farin buhu ina ƙirgawa. Na ɗora sabon sifirin kusa da tsohon na dama, wanda nake ganin lafiyarsa ƙalau: tsohon ya fi tsawo da kusan faɗin ƙwayar shinkafa biyu. Zafi da shekaru sun miƙar da shi ba tare da ya karye ba.

Matsala ɗaya: ƙarfe mai haƙora guda biyu aka aiko, amma duk na gefe ɗaya. Zarensu ba ɗaya ba ne, na hagu daban, na dama daban. In aka sa na wani gefen, maimakon ya buɗa takalma sai ya riƙa tsuke su, feda ta yi ta nisa. Da ba don Kawu ya juya su da yatsa ya lura ba, da na ɗaura. Sabon ya dace da hagu, inda ake bukata. Na dama tsohon yana juyawa, na jiƙa shi a kananzir ya kwana, haƙoransa ba su cinye ba, za a mayar da shi.

Alhamis, 23 Janairu

Gaba ta haɗu.

An ɗan yi gardama kan giris. Ina da gwangwanin baƙin giris na boris, na ɗauko zan shafa wa sanduna. Kawu ya riƙe hannuna. Ya ce giris da aka yi da man fetur yana kumbura robar birki, ta yi laushi ta shaƙe sandar, bayan 'yan watanni a koma gidan jiya, kuma yana kyautata zaton abin da ya kashe robar farko ke nan. A cikin saitin akwai 'yar leda ta giris na musamman da ba ya cin roba, da shi muka yi aiki, shafa ɗaya siririya. Na tura sandar, na ja, ta tafi sulɓi ta dawo da kanta saboda iskar da ke ciki. Na zaunar da bakin robar a cikin kwarminsa, na zagaya da farce na tabbatar babu inda ya ɗage.

Etiriye na rataye shi da waya a jikin sifirin mota, don kada nauyinsa ya sauka a kan tiyon man birki. Wajen mayar da fistin ciki, mun buɗe ɗan notin fitar da iska don tsohon mai ya fita waje, kada ya koma sama da dattinsa. Baƙi ya fito kamar shayin da ya kwana.

'Yan siraran ƙarafan suka shiga da ƙas, ƙas. Na sa filaket, sai Kawu ya ce, "Tura da yatsa ɗaya." Na tura, ya zame. "Ja." Ya dawo. Ya ce duk filaket ɗin da sai an buga masa guduma ya shiga, ba zai saki faifai ba in ka ɗaga ƙafa. Na canza duka gefen biyu, ko da yake na dama suna da sauran nama, domin birki ba a yi masa ƙafa ɗaya sabuwa ɗaya tsohuwa.

Ina duba tiyon dama na lanƙwasa shi, sai na ga 'yan tsage-tsage a fatarsa. Bai kai ga zare ba, ba ya yoyo. Na aika a kawo guda biyu.

Asabar, 25 Janairu

Baya ta ci mini yini guda. Silinda biyu na canza. A jikin farantin akwai wurare shida masu ɗan tudu inda gefen takalma ke gogawa, na hagu har sun yi kwarmi, na daidaita su da zarto na ɗiga giris kamar ƙwayar gero a kowanne. Na rufe fuskar takalman da takarda mai danƙo kafin na fara, don hannu mai maiƙo kada ya taɓa.

Ƙusa da ƙoƙo sai da ɗana ya danne kan ƙusar ta baya da yatsa, ni na tura ƙoƙon da filaya na juya shi ya kulle. Babban sifirin ne ya gwada ni. Sau biyu yana kuɓucewa, na biyun ya wuce ta gefen kunnena ya bugi bango. Kawu ya cire tabaransa ya miƙo mini, ya nuna mini yadda zan saƙala ƙugiyar a jikin sukundireba in zame ta cikin rami. Da ya shiga na ja takalman da hannu biyu na saki, suka koma da ƙarfi, kaf! Tsohon ko kusa bai yi wannan ƙarar ba.

Na mayar da ganguna, na juya haƙoran ta ramin baya har taya ta fara gurza, na sassauta kaɗan har ta juya da ɗan shuu mara nauyi. Kawu ya ce a wannan motar jan birkin hannu ne ke juya haƙoran, saboda haka direban da ke ajiye mota a giya kawai, ko ya sa dutse, birkinsa na baya yana nisa bai sani ba.

Lahadi, 26 Janairu

Tiyo sun iso jiya da dare, na ɗaura su da safe, sannan muka shiga fitar da iska da canza mai gaba ɗaya.

A murfin kwalbar man birki an rubuta DOT 3, wato ajin man. Sabon mai irin wannan ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 na ma'aunin Celsius, amma yana shan danshin iska, in ya sha ruwa sai ya sauko wajen 140. DOT 4 kuma 230 ne da 155. Nawa ban san shekarar da aka zuba shi ba, ƙari kawai ake yi. Na sayi gwangwani rufaffe na DOT 4, wanda yake haɗuwa da DOT 3, na ƙi wanda ake aunawa a buɗaɗɗiyar kwalba a bakin titi. DOT 5 kuwa jinsinsa daban ne, ba a gauraya shi da su.

Ɗana a kan kujerar direba, ni a ƙarƙashi da siririn tiyo da kwalba, Kawu yana tsaron kwalbar sama kada ta ƙafe. "Taka! Taka! Riƙe!" "Na riƙe, Baba." In buɗe, mai ya fito da kumfa, in rufe. "Saki." Daga baya muka faro muka ƙare a gaba. Sai Kawu ya ce saura ɗaya. Sama da gatarin baya akwai wani bawul mai doguwar sanda, shi ke ƙara wa tayoyin baya birki in an yi lodi, ya rage in motar ba kaya, shi ma yana da notin iska. Shekara shida ina tuƙa motar nan, yau na fara ganinsa. Sandarsa tana motsi, alhamdu lillahi. Muka fitar da kumfar da ke ciki, feda ta tsaya tsam a sama.

Talata, 28 Janairu

Gwaji a hanyar Pitowa, ba kaya. Na kai kilomita 50 a awa, in taka a hankali har ta kusa tsayawa, in saki, in sake, kamar sau goma, da tazara don su huce. Motar ta tsaya a miƙe ko da na sassauta riƙon sitiyari.

Amma da na zagaya ina kai bayan hannu kusa da tayoyi, ta baya ta dama ta fi sauran zafi. Gabana ya faɗi. Muka dawo, na sake buɗewa. Haɗin daidai yake da hoton. Wayar birkin hannu ce ke maƙalewa a cikin rigarta, in an saki ba ta komawa duka. Na cire ta, na rataye a reshen dogon-yaro, na yi ta ɗiga mai ina ja ina saki har ta saku. Na mayar, na daidaita. Gwaji na biyu, ganguna biyun ɗumi ɗaya.

Juma'a, 7 Fabrairu

Na tafi Laraba da albasa, na dawo jiya da manja. Kafin in fara gangarawa Falez na tsaya a sama, na taka feda na riƙe na ɗan lokaci, ba ta nutse ba. Na sa giya ta biyu tun daga farko, injin ya riƙe nauyin, birki kuwa taɓawa in saki, ba kwantar da ƙafa a kai ba, kamar yadda Kawu ya yi ta nanata mini. A Wak na tsaya daidai inda na tsaya wancan karon. Tayoyin gaba da zafinsu na aiki, iri ɗaya hagu da dama, na baya ɗumi kawai. Babu ƙauri.

Yau bayan masallaci na cire tayoyi huɗun. Filaket na ciki da na waje suna ci daidai, robobin sanduna suna zaune, bayan ganguna a bushe, mai yana kan layinsa. Wayar birkin hannu ce ban gamsu da ita ba, ta fara ɗan nauyi kuma. Na aika a kawo sabuwa daga Duwala tare da ƙarfe mai haƙora na dama, an ce mako mai zuwa. Ina so in ɗaura su kafin azumi ya kama.